Darasi na 9: Dala biyu, suna ɗaya

A wannan darasi za mu yi karatu, mu kuma yi lissafi. Kowa ya tanadi fensir da takarda. Wanda yake da waya mai na'urar lissafi ya ajiye ta kusa, amma sai mun gama da hannu za mu taɓa ta.

Kalmomin da za mu haɗu da su

canji, la'ada, tukuici, asusu, katin bashi, katin cirar kuɗi, kashi cikin ɗari, kwastan.

Malami ya rubuta su a allo. Kowa ya karanta su da ƙarfi, sau biyu.

Karatu na farko: Jirgin da ba a taɓa kuɗi a cikinsa

Kanada ƙasa ce mai tsananin sanyi a arewacin Amurka. Mutanenta da yawa suna tara kuɗi don yin hutu a cikin babban jirgin ruwa. Irin wannan jirgi kamar unguwa guda yake: akwai ɗakunan kwana, wuraren cin abinci, kantuna, wurin aski, har da asibiti. Yana ɗaukar mutum dubu biyu, dubu uku, wani ma fiye da dubu biyar.

Da bazara, daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, jirage suna tashi daga tashar Canada Place a birnin Vancouver, su nufi jihar Alaska ta Amurka. Suna tsayawa a Juneau da Skagway da Ketchikan, yawanci a dawo cikin kwana bakwai. Da hunturu kuwa, idan ƙanƙara ta rufe gari, sai mutane su hau jirgin sama zuwa Miami ko Fort Lauderdale a Amurka, daga can su shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran Karebiyan, inda ake rana.

Ranar shiga jirgi, ana ba kowane fasinja kati guda. Kamfanin Royal Caribbean yana kiran nasa SeaPass, Carnival kuma Sail & Sign. Katin shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma aljihu. Ka sha lemo, a goga kati. Ka ɗauki hoto, a goga kati. Komai yana taruwa a asusunka, sai daren ƙarshe a haɗa jimla. Duk wanda ya taɓa cin bashi a wajen mai shagon unguwa ya san wannan tsari. Yau sukari, gobe omo, jibi madara, ana rubutawa a littafi. Ƙarshen wata mutum ya ga jimla ya riƙe baki.

Akwai kuma wani abu da yake ruɗa 'yan Kanada. Sunan kuɗinsu dala, sunan kuɗin Amurka ma dala, alamar da ake rubutawa kuma iri ɗaya ce. Amma yawancin manyan kamfanonin jiragen nan da dalar Amurka suke ciniki, ko da jirgin daga Vancouver ya tashi. Mutum yana tsaye a kan jirgi yana hango garinsu, amma shayin da ke hannunsa da kuɗin wata ƙasa aka sayar masa.

Karatu na biyu: Farashin canji

Dalar Amurka ta fi dalar Kanada daraja a yawancin shekaru. A farkon 2002 dalar Kanada ta faɗi har ta kai wajen santi 62 na Amurka (santi 100 ne dala ɗaya). A 2007 ta farfaɗo har ta wuce ta Amurka na ɗan lokaci, haka ma a 2011. A farkon 2025 kuwa sai da ɗan Kanada ya ba da fiye da dala 1.40 kafin ya sami dalar Amurka ɗaya. Babban Bankin Kanada yana wallafa farashin kowace ranar aiki a shafinsa na intanet, kowa yana iya dubawa kyauta.

Sai dai ba a sayar wa mutum a kan wannan farashi. Wanda ya taɓa zuwa wajen 'yan canji a Wapa ta Kano ya sani: farashin saye daban, na sayarwa daban, ribar ɗan canji tana tsakani. Bankunan Kanada ma haka suke yi. Rumfunan canji na filin jirgin sama sun fi kowa yanka, don sun san matafiyi ba shi da lokacin zagaya kasuwa.

A duk lissafinmu na yau za mu ɗauka cewa dalar Amurka 1 daidai take da dalar Kanada 1.38. Misali ne kawai don koyo. Farashin gaske yana motsi kullum.

Gwada wannan: an rubuta dala 50 a jikin riga a kantin jirgi.

50 × 1.38 = 69

Rigar dala 50 ta zama ta dala 69 a aljihun ɗan Kanada. Ga dabara ta lissafin ka: ɗauki farashin, ka ƙara masa kashi 40 cikin ɗari. Dala 10 ta zama 14, dala 100 ta zama 140. Ya ɗan haura gaskiya, amma gara ka yi wa kanka lissafi da ƙari.

Karatu na uku: Daren ƙarshe

Wani dattijo daga birnin Winnipeg na Kanada ya yi tafiyar Alaska tare da 'yarsa. A daren ƙarshe sai ya buɗe asusunsu a talabijin ɗin ɗaki.

"Ke, zo ki duba mini. Dala 840 na gani. Yaushe muka ci wannan kuɗi? Ba mun biya komai tun a gida ba?"

"Kuɗin ɗaki da abinci muka biya, Baba. Waɗannan daban ne."

"To wannan 252 ɗin fa? Ni ban sayi komai na 252 ba."

"Tukuicin ma'aikata ne. Masu gyara ɗaki da masu kawo abinci. Kullum ana sa wa kowa dala 18. Mu biyu ne, kwana bakwai."

Dattijo ya yi shiru yana lissafi da yatsu. "Haka ne. To ai da sauƙi, akwai dala 900 a asusuna na banki."

"Baba, naka na Kanada ne. Wannan na Amurka."

"Ikon Allah!"

Ga abin da suka gani a asusun, duk da dalar Amurka:

Tukuici: 252
Intanet: 140
Lemo da shayi na musamman: 88
Yawon gari a tashoshi biyu: 300
Hotuna: 60
Jimla: 840

Yanzu mu juya: 840 × 1.38 = 1,159.20. Dala 900 ɗin Baba ba za ta isa ba. Akwai gibin dala 259.20, kuma ba a ma zo kan la'adar banki ba.

Mu tsaya kaɗan a kan tukuici, don shi ne ya fi ba sababbin matafiya mamaki. A manyan jirage, abin da ake sa wa mutum a rana yawanci yana kaiwa wajen dala 16 zuwa 20 na Amurka, ya danganta da kamfani da irin ɗaki. Ban da wannan, duk abin sha da ka saya ana ɗora masa kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Idan kashi 18 ne, kofi na dala 5 zai fito a rasit 5.90. Sannan a ƙasan rasit ɗin akan bar wani layi da babu komai, wai ko za ka ƙara. Mutane da yawa suna cike layin ba su lura an riga an cire ba, sai su biya sau biyu. Karanta rasit kafin ka sa hannu. Ni dai ban ga laifin tukuicin ba, ma'aikatan nan suna yin watanni ba su ga iyalinsu ba, kuma da shi suke ciko. Abin da ake so shi ne mutum ya san da shi tun kafin ya bar gida.

Wa zai yi maka canjin?

Nan ne gishirin darasin. Dole a juya dala 840 ta Amurka zuwa ta Kanada. Tambayar ita ce, a hannun wa?

Hanya ta farko, ka bar bankinka ya juya. Yawancin katunan bashi na Kanada suna ɗora la'adar kashi 2.5 cikin ɗari a kan duk sayayyar da aka yi da kuɗin waje.

1,159.20 × 2.5 ÷ 100 = 28.98
1,159.20 + 28.98 = 1,188.18

Hanya ta biyu, jirgi ya juya maka. Wasu kamfanoni suna tambaya tun lokacin rajista: "Kana so mu caje ka da kuɗin ƙasarku?" Maganar tana da daɗin ji, kamar taimako ne. Amma su ne za su zaɓi farashin canjin, kuma sukan ɗora tasu la'adar, wajen kashi 3 cikin ɗari. Irin wannan tambaya tana fitowa a na'urar POS ta kantuna da ATM na ƙasashen waje. Amsa mai sauƙi: zaɓi kuɗin da aka rubuta farashin da shi. A jirgin Alaska, dalar Amurka. A Cozumel ta Meziko, idan da feso aka rubuta, feso.

Hanya ta uku, kati marar la'adar canji. Akwai 'yan kaɗan a Kanada, irin su Scotiabank Passport Visa Infinite. Da irinsa Baba zai biya kusan 1,159.20, dala 28.98 ta zauna a aljihunsa. Amma wasu daga cikin katunan suna da kuɗin shekara. Idan kuɗin shekarar ya fi abin da ka tsira da shi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Hanya ta huɗu ta masu yawan tafiya ce. Manyan bankuna kamar RBC da TD da BMO suna buɗe wa mutum asusun dalar Amurka da kati na dalar Amurka. Mutum yana sayen dala kaɗan-kaɗan duk wata, ya tara. Wata ya saya da tsada, wata da araha, sai abin ya daidaita. Dubi amfaninsa: da farashi zai tashi daga 1.38 zuwa 1.44 kafin ranar tafiya, in Baba bai tara dalar Amurka ba, abin da zai biya zai ƙaru da 840 × 0.06, wato dalar Kanada 50.40, ba tare da ya ƙara shan ko kofi ɗaya ba.

Wasu kamfanoni suna yarda ɗan Kanada ya biya kuɗin tafiya da tukuici da intanet tun daga gida da dalar Kanada. Wannan yana rufe ƙofar hawan farashi. A dai kwatanta farashin biyu da fensir kafin a biya.

Katin cirar kuɗi da tsabar kuɗi

Idan ka ba jirgi katin cirar kuɗi, sukan riƙe wani adadi a asusunka a matsayin jingina. Bayan tafiya, sakin kuɗin yana iya ɗaukar kwanaki, wani lokaci fiye da mako. Kuɗinka ne, amma ba ka iya taɓawa. Idan kuɗin haya zai fita a wannan mako, ka shiga uku. Shi ya sa da yawa suka fi son katin bashi, ko su zuba tsabar dalar Amurka a teburin kula da baƙi, su ce idan ta ƙare a sanar da su. Wannan ta biyun tana da kyau ga mai sakin hannu.

Tsabar kuɗi tana da amfani a tasha, don tasi da 'yan tsarabobi. A saye ta a banki kafin a tashi, a nemi ƙananan takardu na dala 1 da 5 da 10. Kada a saya fiye da buƙata. Idan banki ya sayar maka a 1.41, ya kuma saya daga hannunka a 1.35, ragowar dala 200 da ka dawo da ita ka saye ta 282, za a ba ka 270. Dala 12 ta tafi a banza. ATM na cikin jirgi kuwa yana da nasa caji mai nauyi, ga na bankinka a kai.

A Bahamas dalarsu ɗaure take da ta Amurka, kamar yadda sefa take ɗaure da yuro, sai dai ta Bahamas ɗaya da ɗaya ce. Ana karɓar ta Amurka ko'ina, amma a roƙi canji da ita, don dalar Bahamas ba ta da amfani a Winnipeg. Wanda ya shiga jirgin MSC ko Costa a tekun Bahar Rum kuwa, da yuro zai tarar ana ciniki.

Abu biyu a taƙaice. A kashe layin waya da zarar jirgi ya bar tasha, don kiran da ake yi a tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam yake bi, tsadarsa ba a magana. Likitan jirgi kuma ba kyauta yake duba mutum ba, kuɗinsa yana shiga asusu da dalar Amurka, shi ya sa ake yankar inshorar tafiya.

Wajen dawowa akwai kwastan. Ɗan Kanada da ya yi awa 48 ko fiye a waje yana iya shigo da kayan dala 800 ba tare da haraji ba. Wannan 800 ɗin ta Kanada ce. Agogon dala 600 na Amurka ya kai 828, ya riga ya haura.

Aiki

Yi amfani da farashin 1.38.

1. Iyali mai mutum huɗu za su yi kwana 5. Tukuici dala 17 ne a rana ga kowa. Nawa ne da dalar Amurka? Nawa ne da ta Kanada?

2. An sayar maka da lemo dala 4, an ɗora kashi 20 cikin ɗari. Me za ka gani a rasit?

3. Wata mata ta ware dalar Kanada 690 don kashewa a jirgi na kwana 10. Dalar Amurka nawa take da ita? Nawa za ta iya kashewa a rana?

4. Ku rabu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai kanti a tasha, ya tambaya, "Da wane kuɗi za a caje ka?" Ɗayan ya amsa, ya kuma faɗi dalilinsa. Sai ku yi musanya.

5. Ja layi uku a takarda: rana, abin da aka saya, kuɗi. Cike ta da abin da ka kashe jiya da shekaranjiya, har da kuɗin kati da na mota. Ka zo da ita darasi na gaba.