Yadda zaka mayar da tsohuwar motar tseren dirag ta zama motar hawa a titi

Akwai wata Chevy ƙirar 1955 da aka jawo mana garejin da nake aiki a nan Amurka, ta shafe shekaru a rufe cikin rumfa, hancinta a ɗage sama, an rubuta C/G, wato ajinta na tsere, a jikin gilashi da tsohon fenti, mai ita yace shi burinsa kawai ya riƙa fita da ita ranar Asabar shi da iyalinsa. Da ita zan yi misali domin duk matsalar da ake samu a irin wannan aikin sai da muka ci karo da ita.

Ga wanda bai san tseren dirag ba, mota biyu ne ke tashi daga tsaye su miƙe sambal tsawon kwatan mil, wato mita 402, wanda ya riga kaiwa shi yaci. Hukumar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 ita ce babba a harkar. Irin wannan Chevy ɗin ana ce musu gasa, wato gasser da Turanci, saboda fetur suke sha, kuma sun yi tashe daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960, ana cire ƙafar gaba ta kamfani a sa miƙaƙƙen aksil a ɗaga hanci don nauyi ya koma kan tayoyin baya lokacin tashi. To abinda zaka riƙe a ranka tun daga farko shine an haɗa motar ne don aikin daƙiƙa 11 ko 12, daga nan a kashe ta ta huce. Titi kuwa awa biyu yake nema, da gosulo da danja da ruwan sama da taka birki sau ɗari. Duk abinda tsohon mai ita ya cire don rage nauyi kai ne zaka mayar, shi yasa nake cewa injin ya jira tukuna.

Fara da takardu kafin ka kwance ko noti ɗaya. Motocin tsere da yawa sun yi ta yawo daga hannu zuwa hannu da rasit kawai babu takardar mallaka, wasu an cire musu farantin lambar shasi lokacin da ake yanke-yanke. Lamba mai harafi 17 da muka sani a 1981 ta fara, tsofaffi tasu gajera ce, ita Chevy ta 1955 farantin na jikin ginshiƙin ƙofar direba. In babu, kaje ofishin rajistar motoci na jiharka ka tambayi hanyar da suke bi, jihohi da dama na bada takarda in ka ajiye jingina ta kamfanin inshora, amma kar ka kuskura ka ciro faranti daga wata mota ka manna, wannan babban laifi ne. Dokar hayaƙi ma kowace jiha da tata, a Kalifoniya mota mai fetur ƙirar 1975 zuwa ƙasa bata zuwa gwajin hayaƙi. Na ga mutum ya gama fenti tas sannan ya gano bazai samu lambar rajista ba, abin tausayi wallahi.

Sannan ka ɗaga motar ka shiga ƙarƙashi da tocila. Ka duba shasi inda ƙafar baya ta kama, nan ne yake tsagewa saboda shekarun da aka yi ana fizgarsa, ka duba waldar da akayi a da, wata mai kyau ce wata kuma a bayan gida akayi ta da daddare ana gobe tsere. A tamu mun tarar an huda shasin da ramuka don rage nauyi, tsatsa ta bi ramukan ta cinye, sai da muka yanko ƙarfe muka toshe muka ƙarfafa shi. Ka ɗauki hoton komai kafin ka taɓa.

Birki. Nan nafi tsayawa don nan rai yake. A filin tsere sau ɗaya ake taka birki kuma akwai doguwar hanya ta tsayawa, shi yasa zaka tarar da ƙananan dirom a gaba, wasu ma babu komai a gaban. Masta ta asali kuma, wato famfon da ke tura man birki in ka taka feda, mai layi ɗaya ce, bututu ɗaya ya fashe birkin ƙafa huɗu ya tafi gaba ɗaya. Daga ƙarshen shekarun 1960 masta mai layi biyu ta zama dole a Amurka, to ita zaka sa, gaba daban baya daban, ka sa birkin faifai a gaba, ka canza duk bututu da tiyo kar ka bar ko ɗaya don ya yi maka kyau a ido. Birkin hannu ma ka mayar, yawanci an jefar dashi. Akwai wani bawul na lantarki da suke sawa yana riƙe birkin gaba lokacin da ake ƙona tayar baya don ta yi ɗumi kafin tashi, ni cire shi nake, in mai mota ya nace to sabo za'a saya. Wani abu da mutane ke mantawa, busta, wato abin da ke sauƙaƙa taka birki, da iskar da injin ke zuƙa take aiki, tana son wajen inci 16 zuwa 18 a ma'auni, injin tsere mai ƙaton kamshaf kuwa da ƙyar yake bada 8 ko 10 in yana silo, sai kaji feda ta yi tauri kamar dutse a daidai lokacin da kake buƙatarta. Ko dai ka rage kamshaf, ko ka sa famfon zuƙar iska na lantarki, ko ka haƙura da busta ka zaɓi masta da ta dace da ƙarfin ƙafa.

Ƙafar gaba kuma in aksil miƙaƙƙe ne ka canza kimfin da bushin da tayrod, ka tabbatar aksil ɗin ya ɗan kwanta baya kamar digiri 6 ko 7 don sitiyari ya riƙa dawowa da kansa, in ba haka ba ka faɗa rami ɗaya gaban motar ya kama karkarwa har sai ka tsaya. Shokazoba ta tsere da ake kira 90/10 tana barin hanci ya tashi da sauri ya sauko a hankali, a kwana haɗari ce, ka sa ta titi. Mu mun sauke hancin kaɗan, har yanzu kowa ya ganta yasan gasa ce amma ta daina tangaɗi.

Taya ba dogon zance, sulɓaɓɓiyar tayar tsere bata da zane bata da tambarin DOT na amincewar hawa titi, ruwa kaɗan ya zuba ka zama fasinja. Siraran na gaba ma basa riƙe birki. Ka sa tayar titi duka huɗu, kuma kar ka haɗa radiyal da tsohuwar ƙirar taya a mota ɗaya.

Aksil ɗin baya, galibi zaka samu Ford mai inci 9 ne ko a cikin Chevy, don ƙarfinsa da sauƙin canza giya. Buɗe shi ka gani. In an kulle tayoyin biyu suna juyawa tare, ko da ƙarfen da ake kira siful ko kuma an yi wa haƙoran walda, dole ya fita, domin a kwana tayar waje tafi ta ciki tafiya, in an kulle su motar zata riƙa turewa gaba tana cin taya har wata rana shaf ya karye. Ka sa irin su Truetrac ko Detroit Locker, masu barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa a kwana. Sai lissafin giya, tamu 4.88 ce, wato farfela ta juya sau 4.88 kafin taya ta juya sau ɗaya, da taya mai tsayin inci 28 in kana gudun mil 65 a awa, wajen kilomita 105 kenan, injin na juyi kusan 3,800 a minti, ƙara da zafi da shan mai ba'a magana. Da 3.55 zai sauko kusan 2,770. In kuma ka sa giyabos 700R4 mai giya ta huɗu 0.70 ka haɗa da 3.73, zaka samu kusan 2,040 kuma tashinta na nan da ƙarfi, wannan muka zaɓa. Powerglide mai giya biyu da 'yan tsere ke so tana da kyau a fili amma a titi tana gajiyarwa, balle in kwanbata ɗinta, wato abin da ke haɗa injin da giyabos a madadin kuloci, sai injin ya kai juyi 4,500 take kamawa, zamewar nan zafi take haifarwa ta dafa man giya. Ka nemi mai kamawa a 2,200 zuwa 2,800 ka ƙara mata ɗan lagireton man giya.

To yanzu injin. Abu na farko ka cire fulogin ruwa na gefen bulok ka leƙa, 'yan tsere na zuba wani abu kamar siminti a hanyar ruwa don silinda ta ƙara ƙarfi, in an cika shi to wannan bulok ɗin ba na titi bane, baya fita kuma bazai taɓa hucewa ba. Haka muka samu a tamu, sai muka ajiye wa mai ita injin a gefe saboda tarihi muka haɗa injin Chevy 350 wanda kayansa ke ko'ina. In bulok lafiya lau ne sai ka duba matsi, wato yawan matse iska da mai a cikin silinda, injin tsere na kai 12.5 ko fiye yana shan mai na musamman mai oktan 110, a gidan mai kuwa mafi kyau 91 zuwa 93 ne, ka canza fistin ka sauko wajen 9.5 in ba haka ba zai riƙa ƙwanƙwasa har ya fasa fistin. Fetur mai dalma an hana shi a titin Amurka tun 1996, don haka tsohon tof silinda yana son a sa masa mazaunin bawul mai tauri. Kamshaf matsakaici, kafireta ɗaya mai cok maimakon biyu, kuma in kamshaf ɗin tsohuwar ƙira ce mara rola ka nemi baƙin mai mai sinadarin zink, tashin farko ka riƙe shi a 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 zuwa 30, kar ka barshi a silo.

Sanyaya injin kusan daga sifili zaka fara, babban lagireto, fanka mai rumfa, famfon ruwa mai bel, tamostat na digiri 82 a ma'aunin Celsius. Altaneta ma sau da yawa babu, batir kawai suke caji tsakanin zagaye. Wayarin ɗin ni bana gyara shi, yaye shi nake gaba ɗaya in sa sabo mai akwatin fiyus, da fitilu da sigina da hon da waifa. Tankin tsere ɗan ƙarami ne wani ma a gaban lagireto yake, ka mayar da cikakken tanki baya, kuma fetur ɗin yanzu na da kashi 10 na itanol wanda ke cin tsohuwar roba da soson cikin tanki, duk tiyo sabo. Salansa kuma har baya, hayaƙi kar ya taru ƙarƙashin kujera.

Cikin mota akwai kejin ƙarfe, kuma mutane na ɗauka ƙarin tsaro ne, alhali da hular kwano aka tsara shi. Kai babu hula ya bugi bututun ƙarfe ko a ƙaramin karo ne abin ba kyau. Tunda da iyali za'a hau, mun cire bututun da ke kusa da kai, muka naɗe sauran da soso mai tauri da ya cika ƙa'idar tsaro ta SFI 45.1, muka sa kujeru masu matashin kai da bel mai kama kafaɗa da ƙugu, kujerar baya kuwa in kejin na wajen to ba mai zama. Gilashin roba ya fita a sa na gaske.

Fenti shine ƙarshe, kuma dan Allah in tsohon rubutun hannu na jikin ƙofa yana nan, sunan motar da ajinta da sitikun filayen da ta taka, kar ka goge, wanke shi ka shafa masa abin kariya, bodi mai sheƙi kowa na iya saya amma wannan rubutun in ya tafi ya tafi.

Ranar gwaji kar ka hau babban titi. Ka tada ta ka barta a silo minti 30 a tsaye kana kallon agogon zafi, in allura ta zauna sai ka zaga unguwa a hankali kana taka birki akai-akai, ka dawo ka taɓa kowane rim kaji ko wani yafi zafi, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Bayan mil 50 ka sake ɗaure notin taya da na ƙafar gaba da na farfela, a mil 500 ka juye baƙin mai ka yanka filta ka duba ko akwai garin ƙarfe a ciki.