Yadda na gano abin da ke ƙona min fis ɗin inbata

Sau uku fis ɗin da ke tsakanin batir da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) yana ƙonewa cikin mako guda. Na ɗauka jabu ne, na canza, bai ɗauki minti goma ba ya sake tafiya. Da na taɓa wayar sai na ji ta da zafi, robar ma ta fara laushi.

Ashe lissafina ne ya karkace. Kayan da nake kunnawa, firji da fanka biyu da talabijin da kwamfuta, sun kai wat 600. Ƙa'idar ita ce a raba wat da bolt a samu amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta waya. Ni kuma na raba 600 da bolt 230 na wutar gida, na samu kusan amfiya 2.6, na ce to fis mai amfiya 30 ya ishe ni har da ragi. Na manta cewa ɓangaren batir bolt 12 ne kawai. A raba 600 da 12, amfiya 50 ke nan, kafin ma a ƙara abin da inbata ke ɓatarwa a matsayin zafi. Ga shi firji yana fisgar wuta sosai idan zai tashi.

Na sa wayar tagulla mai kauri, sikwaya milimita 16, gajera, da fis mai 70. Kada ka ƙara girman fis kawai ka bar siririyar waya, gobara ce kake nema.

Na kuma lissafa batirin: amfiya-awa 100 sau bolt 12, wat-awa 1200. Irin mai ruwan asid ne, rabi kawai ake ci, wato kusan awa ɗaya da dukan kayan. Sai na cire firjin daga layin.