Yadda za ka iya Street Fighter II a gidan gem

Street Fighter na farko ya fito a 1987 daga kamfanin Capcom na Japan, amma na biyu, na 1991, shi ne ya kafa tsarin da wasannin faɗa ke bi har yau: jarumai takwas da ake zaɓa, madanni shida, uku na naushi uku na shuri, wanda ya ci zagaye biyu ya yi nasara. A 1992 aka fito da Champion Edition, inda aka ba da damar ɗaukar Balrog da Vega da Sagat da M. Bison. Masu gidajen gem a Gusau da ke da PS4 za su same su duka a cikin Street Fighter 30th Anniversary Collection na 2018.

Fara da Ryu, ka bar Zangief tukuna. Kafin komai ka koyi tarewa. Riƙe baya yana tare bugun tsaye da na wanda ya diro maka daga sama. Riƙe ƙasa-da-baya yana tare shara, wato shurin da ke share ƙafa daga ƙasa. Mai durƙuso ba ya tare mai tsalle, kuma nan ne sababbin hannu suka fi shan duka.

Hadoken, ƙwallon wutar da Ryu ke jefawa: ƙasa, ƙasa-da-gaba, gaba, sai naushi. Babban yatsa zai zame ne a kan kibiyoyin a tafi ɗaya, ba dannawa uku daban-daban ba. Idan naushi kawai ya fito, ko dai ka tsallake kusurwar tsakiya, ko ka danna naushin kafin yatsa ya kai gaba. Shoryuken kuwa, naushin da Ryu ke tashi sama da shi, gaba ne, ƙasa, ƙasa-da-gaba, naushi. Shi ya sa wanda ke tafiya gaba ya nemi Hadoken sai ya ga Ryu ya tashi sama: injin ya lissafa tafiyar a matsayin farkon Shoryuken. Saki kibiyar na ɗan ƙiftawa kafin ka fara. Kuma kada ka yi Shoryuken da ka. In ya kuskure, kana saukowa za a tarbe ka. Ajiye shi sai abokin karawa ya yi tsalle.

Da hannu ya faɗa, gwada haɗi. Durƙusa ka yi matsakaicin shuri, yana taɓa mutum ka ƙarasa juyin Hadoken ba tare da jiran ƙafar ta dawo ba. Ƙasan da ka riƙe don shurin shi ne matakin farko na juyin.

Guile nasa daban ne: riƙe baya kamar daƙiƙa biyu, sannan gaba da naushi, sai Sonic Boom, abin da yake jefawa, ya fito. Gwanaye suna zama a ƙasa-da-baya, domin yana tara Sonic Boom da Flash Kick, shurinsa mai tashi sama, lokaci guda.

Wani lokacin laifin ba na yatsa ba ne. Talabijin na bango yana jinkirta hoto, sai mai gida ya shiga saiti ya kunna Game Mode. Da hunturu kuma ƙurar da ke shigowa shago tana taruwa a ƙarƙashin robar kibiyoyi, kusurwa ta daina kamawa. A kwance kusoshin bayan pad, a ɗaga robar, a goge baƙin ɗigon da ke jikinta da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe sosai kafin a mayar. Robar da ta tsage sai canji, gam ba ya riƙe ta.