Yadda Manhajar Salsala Za Ta Nuna Maka Kakan da Za Ka Fara Rubuta Tarihinsa

Duk wanda ya zauna zai rubuta tarihin gidansu a Kabi, can sama hannunsa yake fara kaiwa. Na Argungu yana laluben igiyar da za ta sada shi da Kanta, na Gwandu yana neman ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Ba laifi ba ne, sai dai waɗannan manya, masana sun cika littattafai a kansu. Wadda ba kowa ya rubuta ba ita ce tsohuwar da ta aurar da rabin 'yan matan unguwa da kuɗin ƙuli-ƙuli, yau kuma mutum biyu kacal suka rage da suka san sunanta na yanka. Irin waɗannan ne manhajar salsala take tono maka, in ka iya tambayarta.

Fara da zaɓen manhaja. Ni Gramps nake amfani da ita: kyauta ce, tana hawa Windows da Linux da Mac, kuma da zarar ka sauke ta ba ruwanka da data. Ta san kalandar Hijira, don haka kwanan watan da wani malami ya rubuta da ajami a bangon littafi zai shiga yadda yake. In waya kaɗai gare ka, akwai FamilySearch, shi ma kyauta, amma salsalarsa ta gamayya ce, wani zai iya canza abin da ka shigar game da mamatanku. Ko wacce ka ɗauka, ka riƙa ajiye kwafin aikinka wani wuri daban, kuma ka san da fayil ɗin GEDCOM, wanda da shi ake ƙaura daga wannan manhaja zuwa waccan.

Sai shigar da mutane. Ka fara da kanka ka yi sama hawa huɗu: iyaye 2, kakanni 4, iyayensu 8, nasu iyayen 16, mutum 30 ke nan. Da wuya ka cika talatin ɗin, kada ka damu. A nan akwai tarko biyu. Gidanmu kaɗai akwai Muhammadu bakwai, saboda haka kowa ka sa masa laƙabinsa da sana'arsa ko sarautarsa, in ba haka ba za ka aurar wa jika matar kakansa. Na biyu, auren zumunci: mutum ɗaya zai iya fito maka ta wajen uwa da ta wajen uba. Kada ka shigar da shi sau biyu, ka jona shi da wanda ke ciki. Mai mata uku kuwa, kowace mata ka buɗe mata ɗakinta da 'ya'yanta, don a bambanta 'yan uba da 'yan ɗaki ɗaya.

Shekaru su ne ke sa mutane su karaya, alhali manhajar tana karɓar "wajajen" da "kafin" da "tsakanin kaza da kaza". Tsofaffinmu da abin da ya faru suke lissafi, kai ne za ka mayar da shi lamba. In aka ce an haife shi shekarar da Turawa suka ci Sakkwato, 1903 ke nan. Zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu, wanda aka yi wa bikin kamun kifi, 1934. Canjin hannun tuƙi 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973.

Mataki na gaba shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Duk bayanin da ka shigar, ka rubuta daga bakin wa ka ji shi. Gramps tana da gurbin madogara, har da ma'aunin yadda ka yarda da maganar. Abin da goggo ta gani da idonta daban, abin da maroƙi ya faɗa ranar suna daban; maroƙi aikinsa ya faɗaɗa, ba a yi masa gardama, amma ba a gina tarihi a kansa shi kaɗai. Ni nakan ƙara shekarun mai ba da labarin a gefe, don su ne za su yanke hukunci daga baya.

Yanzu buɗe zanen nan mai siffar mafici, wanda kai ne a tsakiya, kakanni suna kewaye da kai hawa-hawa. Dubi inda ya yi giɓi. Kusan kullum ɓangaren maza ya yi tsawo, na mata ya yanke tun hawa na uku. Alkunya ce ta jawo: Iya, Inna, Hajiya Babba, da su aka san su har suka koma ga Allah, sunan yanka ya bi su.

Daga nan sai ka yi wa mutane alama mai launi, iri uku sun isa. Ja ga wanda akwai mai rai da ya zauna da shi. Kore ga wanda ya bar wani abu a hannu, takardar gona, rasit ɗin haraji, katin sallama daga soja, hoto ko wasiƙa. Shuɗi ga wanda rayuwarsa ta ratsa wani babban lamari da za ka iya bincikawa a waje, kamar fataucin goro zuwa Gwanja ta hanyar Jega, ko yaƙin Bama. Na irin wannan, gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da ma'ajiyar takardun ƙasa a Kaduna za su cike maka abin da ke kewaye da shi. Sai ka sa manhajar ta tace maka masu jan alama kaɗai, ka duba wanda mai ba da labarinsa ya fi tsufa. Shi ne na farko, ko da bai taɓa riƙe sarauta ba. Takarda tana iya jiran baɗi.

Kafin ka fitar da komai, ka sa alamar sirri a kan duk mai rai. Maganar da ta taɓa asalin bauta, ko rigimar gado, ko dalilin wani saki, ka kai ta gaban babban gida tukuna.

Da na yi wannan tacewar, mutum huɗu suka fito, kuma kakan nan namu da ake yi wa kirari ba ya cikinsu. Ta farko ita ce mahaifiyar kakata, wadda a gurbin sunanta na rubuta "Inna" kawai. Na ɗauki kwamfutar da ƙullin goro na tafi Jega wurin goggona, na zauna bakin tabarmarta na nuna mata giɓin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, mi za ka yi da sunan waɗanda sunka riga mu gidan gaskiya?" Ba ta faɗa da bakinta ba. Jikarta ta ƙwala wa kira, yarinyar ta shigo da tulu a kai, goggo ta nuna ta da haɓa ta ce wannan takwararta ce.