Hular Kwano Mai Rufe Haɓa: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Makon jiya ɗan maƙwabcina a Mabera ya shigo layi da sabon Boxer, ko ledar sirdi bai ɓare ba, ga wata baƙar hular kwano tana ƙyalli a kansa. Na yafuto shi. Na ɗora tafin hannu a saman hular na murɗa, sai ta zagaya kamar murfin tukunya, kansa kuwa ko motsi bai yi ba. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai da gangan na ɗauki babba don iska ta riƙa shiga." Wannan magana na ji ta har na gaji, kuma ni kaina na taɓa faɗinta, a zamanin da haƙorana na gaba suke cikakku.

Bari in fara da ita, don ita ce ta ci ni.

Shekarun baya kusan kullum ina kan hanya tsakanin Sakkwato da Boɗinga. Hular da na saya mai rufe fuska ce har haɓa, ba ta da laifin komai. Laifin nawa ne. Kaina santimita 57 ne, na je na ɗauki mai lamba XL. Dalili na farko zafi, kuma duk wanda ya san garin nan a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 rana tsaka, ya san abin da nake gudu. Na biyu, ina son in ɗora ta a kan kubena don kar in shiga wurin aiki kai ba hula. Igiyar haɓa kuwa ba na ɗaurawa, tana ta lilo kamar gemun bunsuru. Wata rana da la'asar akuya ta faɗo titi, na damƙe birkin gaba a kan yashin da iska ta shimfiɗa bisa kwalta. Gudun da nake yi bai wuce 50 ba. Abin da ya tsaya mini a ido har yau shi ne hulata tana gangarawa ita kaɗai ta nufi gona, tun fuskata ba ta kai ƙasa ba. Haƙora biyu suka tafi, aka yi mini ɗinki a haɓa, na yi wata guda ba abin da ke wucewa sai kunu da fura mai ruwa-ruwa. Wani yaro ya tsinto mini hular, lafiyarta lau, ko ƙarzanen kirki babu.

Saboda haka kafin ka taka kasuwa, bi ta shagon tela ka ari tef. Telolinmu da inci suke awo, sai ka juya ɗaya gefen mai santimita. Zagaya kai da shi kamar yatsa biyu sama da gira, ya bi ta saman kunnuwa, ya kama inda ƙeya ta fi tudu. A yawancin kamfanoni 55 zuwa 56 shi ne S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. Amma harafin jagora ne kawai, M ɗin wani kamfani L ne a wurin wani, kuma kawuna ba ƙira ɗaya ba ne: wani nasa mulmulalle, wani dogo daga goshi zuwa ƙeya. Dole ka sa ta a kai.

Sabuwar hula da ta yi maka daidai sai ta ɗan yi gardama wajen shiga, ka buɗa ta da igiyoyinta biyu kafin ta wuce kunnuwa. In ta zauna, za ta tura kumatunka har ka ji in ka yi tauna za ka iya cizon cikin kunci. Kada wannan ya tsorata ka, katifar kumatu tana saki bayan 'yan makonni. Wadda ta shige sulluɓ ranar farko, nan da wata uku ta zama kwando. Riƙe ta da hannu biyu ka juya hagu da dama: fatar goshinka da kumatunka su bi ta. Ɗaura igiyar, ka sa hannu ta ƙeya ka yi ƙoƙarin tuntsuro ta gaba. In ta fita, ajiye masa kayansa. Ni nakan zauna da ita a kai minti goma sha biyar a bakin shago, mai kaya yana harara ina harararsa. In na cire na ji wuri ɗaya a goshi yana zugi ko ya yi ja, ƙirar ba ta kaina ba ce, ƙarin lamba ba zai gyara ba, sai dai a canza kamfani.

Maganar iska kuwa yaudarar kai ce. Hula mai kwaroro hayaniya take shigarwa da ƙura, kuma da ka kama gudu sai ta ɗaga tana ja maka wuya. Iska ta kafofin da aka yi mata take shiga, na haɓa da na goshi, ta fita ta na baya. Buɗe su a shago ka leƙa da fitilar waya, domin a wasu masu araha maɓallin ado ne kawai, ba rami a ƙarƙashinsa. Abin da ni nake yi da bazara: farar hula, ƙaramar tagiya ta auduga marar kauri wadda nake ɗan jiƙawa da ruwa, kube kuma a ninke cikin jaka sai na sauka. Mai rawani ma haka, a naɗa in an isa. Na san akwai masu ganin raini ne dattijo ya cire hula a bakin hanya. To, na gwada ɗaya hanyar, ga bakina nan.

Igiya: in ba ka ɗaura ba, ba ka sa hula ba, ɗauko ta kawai ka yi. Wasu na cewa a bar wurin yatsa biyu, ni ɗaya nake bari. Kuma na fi son mai zobba biyu, don ba ta da wani sifirin da ƙurar hunturu za ta cushe.

Wai me ya sa muke haka ne? Tun Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a faɗin ƙasa, har aka ga 'yan acaɓa da ƙwarya da robar fenti a ka, muka ɗauki abin a matsayin maganin kamu. Har yau za ka ga ɗan kabu-kabu da hular magina, wadda aka yi don bulo ya faɗo daga sama, ko wata 'yar tasa da ko kunne ba ta rufe ba. Haba jama'a! Wanda ya faɗi daga mashin da fuska yake sauka. Wani mai binciken haɗurra a Jamus, Dietmar Otte, ya duba inda huluna ke buguwa, ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku a wajen haɓa ne. Wurin da 'yar tasarka ta bari a buɗe ke nan. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa sun ce hula ta kirki da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. A lura, wadda aka sa daidai.

Kuskure na biyu kuɗi ya ci mini, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Bayan na warke na ce ni da hula mai araha har abada. Na samu wani mai kayan gwanjo yana da wata 'yar Turai mai babban suna, ga nauyi daidai, ga fenti kamar jiya aka yi. Ya ƙwanƙwasa ta da makulli ya ce, "Alhaji, wagga ko mota ta taka ta ba ta hwashewa." Na biya kuɗin da ya isa sabuwa biyu. Sai da na tashi wanke katifar ciki na ɓalle ta, na tarar farin soson da ke ƙasa ya lotsa ta gefen hagu kamar an danna gwiwa, da tsaga siririya, gefensa yana marmashewa a yatsa. Wani ya riga ya faɗi da ita a wata ƙasa, aka goge aka turo mana.

Abin da mai ƙwanƙwasa ƙoƙo da makulli bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru, shi ne ba taurin baya ke ceton ƙwaƙwalwa ba. Ƙoƙon waje yana baza bugun ne ya hana abu mai tsini shiga. Mai aikin gaske shi ne farin soson nan mai tauri, ɗan'uwan wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali. In kai ya bugu, shi yake murƙushewa ya shanye ƙarfin, kuma in ya murƙushe ba ya dawowa. Aikinsa sau ɗaya ne. Don haka hular da ta taɓa cin ƙasa da kai a cikinta ta gama, ko da bayanta na sheƙi. Kada ka sayi ta hannu, kada ka karɓi kyautar wadda ba ka san tarihinta ba. Ko ba a faɗi da ita ba, masu ƙerawa kan ce a canza bayan kamar shekara 5, a zafin nan namu da gumi kuwa ni ba na kai ta haka. Ranar da aka ƙera ta tana nan a wata takarda ƙarƙashin katifa, ɗaga ka duba.

Game da tambari, kada sitika ta ruɗe ka. DOT ɗin da ake mannawa a ƙeya ƙa'idar Amurka ce, amma kamfani ne ke shaidar kansa da kansa, kuma kowa na iya buga sitika. Ni igiyar haɓa nake dubawa. Hular da ta ci gwajin ECE, wato ƙa'idar Turai, tana da ɗan ƙyalle ɗinke a jikin igiyar, da harafin E da lamba cikin da'ira, lambar ƙasar da ta amince da ita: 1 Jamus, 2 Faransa, 3 Italiya. Doguwar lambar da ke biye tana farawa da 05, ko 06 in sabuwar ƙa'ida ce. Ka nemi harafin P, wanda ke nufin an gwada makarin haɓar. NP na nufin makarin ba kariya ba ne. Hulunan Indiya kuma tambarin ISI suke ɗauka. Ana iya yin jabun wannan ma, shi ya sa nake haɗawa da hannu: in na matsa gefunan biyu ta lanƙwashe kamar bokitin roba, ko na ji ta sakayau, na bar ta. Ta ƙwarai takan kai wajen kilo ɗaya da rabi.

Sauran ƙanana ne, amma ina ganinsu kullum. Baƙin gilashi yana da daɗi da rana, da magariba kuwa a hanyar Illela ba za ka ga jaki ba sai kun gaisa. Sayi farin gilashi, ka sa tabarau a ciki, ko ka nemi mai ɗan baƙin gilashi na ciki da ake saukewa. Tambayi mai kaya ko ana samun gilashin canji, in babu, ranar da ya karce hular ta mutu. Da hunturu kada ka goge ƙura da hannun riga, yashi ne kake gurzawa. Ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ya yi minti biyu sannan ka share. Kada ka rataye ta a madubi, yana lotsa soson daga ciki. Kada ka kife ta a kan tanki, fetur yana narkar da soson, haka ma wasu fenti da gam. Mai haɓar da ake ɗagawa sama, in ba ka ga P/J a ƙyallenta ba, wato alamar an gwada ta a rufe da kuma a buɗe, ba a yi ta don tafiya a buɗe ba. Yaro kuma hular yara za a saya masa, ba a cusa tsumma cikin ta babansa.

Ɗan maƙwabcin nan nawa na aike shi wurin tela, ya dawo ya ce 56. Tare muka koma kasuwa da rasit ɗinsa, mai shago ya yi ta ƙunƙuni amma ya canza masa zuwa S, fara. Shekaranjiya ya wuce ni a ƙofar gida kumatu a matse, ya ɗaga mini hannu, igiyar tana lilo. Na tsayar da shi a tsakiyar layi sai da ya ɗaura.