Yadda Ake Gano Babbar Hanyar Da Aka Shata Aka Fasa Ginawa: Misalin Landan

Duk wanda ya tuƙa mota a kudancin Landan ya san hanyar zoben da ake kira South Circular suna ce kawai. Titunan unguwa ne aka jona da alluna, ga danja, ga kwana, ga bas na tsayawa a gabanka. Ba mantawa aka yi da yankin ba. An shata masa manyan hanyoyi a takarda, aka fasa, kuma sawunsu na nan ga mai son bi.

Fara da tsohon tsarin birnin. Masanin tsara birane Patrick Abercrombie ya zana hanyoyin zobe a tsare-tsarensa na 1943 da 1944, sannan majalisar birnin ta GLC ta faɗaɗa su a shekarun 1960 zuwa zobe huɗu da aka kira Ringways. Takardun majalisar suna ma'ajiyar tarihin birnin da ke Clerkenwell. In ka samu taswirar, ɗora ta kan ta yau, ka daidaita su da abin da ba ya gusawa, wato kogin Thames, layin dogo da maƙabartu. Kada ka dogara da sunan titi, domin suna yakan canja, sai layinka ya kauce da unguwa guda.

Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce ƙirga lambobin mahaɗa. Babbar hanyar M23 da ke kudu da Landan daga lamba 7 take farawa, saboda an ware 1 zuwa 6 ga sashen da zai shiga har wajen Streatham, wanda ba a taɓa ginawa ba. Babbar hanyar M11 ma daga 4 take farawa. Injiniya ba ya tsallake lamba haka siddan.

Daga nan buɗe hoton tauraron ɗan'adam ka nemi gadar da ba ta kai ko'ina ba. A shataletalen sama na babbar hanyar Westway kusa da unguwar White City, wadda aka buɗe a 1970, akwai guntayen kankare da suka leƙo arewa suka tsaya a iska, wurin da aka so hanyar ta zarce. Gine-gine ma suna tona asiri. Je Coldharbour Lane a Brixton ka kalli Southwyck House: doguwar katanga ce mai 'yan mitsi-mitsin tagogi, an yi ta haka ne don ta tare wa mazauna ƙarar babbar hanyar da za ta bi ta gabanta. Ginin ya tashi, hanyar ba ta zo ba.

Dalilin fasawar ba ɓoyayye ba ne. Zoben ciki zai ci dubban gidaje, kuɗin ya yi yawa, kuma da mutane suka ga motoci na wucewa dab da tagogin maƙwabtan Westway, sai adawa ta yi ƙarfi. Jam'iyyar Leba ta ci zaɓen GLC a 1973 ta soke shirin. Babban abin da ya tsira shi ne M25, hanyar zoben da ta kewaye Landan, wadda aka haɗa daga sassan zobe na uku da na huɗu, aka kammala a 1986, tsawonta kusan kilomita 188.

Kurakurai biyu ne suka fi kama masu wannan bincike. Wani yakan ga siririn fili ya miƙe tsakanin gidaje ya ce hanya ce aka fasa, alhali tsohon layin dogo ne. Abin ya fi rikitarwa a Landan, tunda zoben ciki kansa gefen layin dogo aka so ya bi, don haka sai takarda ta tabbatar kafin ka yanke hukunci.

Na biyu ya fi tsada: ɗaukar cewa duk hanyar da aka yi shiru da ita an soke ta. Akwai wadda aka soke a hukumance aka saki filin, akwai wadda aka jingine kawai layinta na nan a kare. Gidan da ke kan irin wannan layi darajarsa kan faɗi, mai shi ba ya son kashe kuɗin gyara, banki ma yakan ja baya. In gida za ka saya a Ingila, ka tabbatar lauyanka ya nemi binciken ƙaramar hukuma da fom ɗin CON29, wanda ke tambaya ko akwai shirin hanya cikin mita 200 daga gidan. Ka karanta amsar da idonka kafin ka sa hannu.