Yadda ake gyara lambar shaidar sabar idan ta zo ta bogi ko ta yi tagwaye

Kowace sabar tana da lambobin da ke bambanta ta da sauran: lambar siriyal, lambar UUID (doguwar lambar shaida mai rukunai biyar), da adireshin MAC na kowace ƙofar sadarwa. Siriyal da UUID suna cikin teburin SMBIOS, wanda manhajar tushe ta na'urar, wato BIOS ko UEFI, ke miƙa wa tsarin aiki yayin tashi. Idan sabar biyu suka zo da lamba ɗaya, ba kasafai ake ganin saƙon kuskure ƙarara ba. Sai dai a ga wata ta ɓace daga rajistar manhajar da ke kula da na'urori duk lokacin da 'yar uwarta ta bayyana, ko girkawa ta PXE, wato girka tsarin aiki ta hanyar sadarwa, ta sauka a kan wadda ba ita ake nufi ba, ko lasisi ya ƙi karɓuwa. Shi ya sa takardun kubeadm, manhajar kafa gungun sabar na Kubernetes, suka buƙaci a tabbatar MAC da product_uuid na kowace na'ura sun bambanta tun kafin a fara komai.

Mataki na farko: karanta abin da na'urar ke faɗa

A Linux, da ikon root, ka buga dmidecode -s system-uuid, sannan dmidecode -s system-serial-number. Fayil ɗin /sys/class/dmi/id/product_uuid ma yana nuna UUID ɗin. A Windows kuwa, Get-CimInstance Win32_ComputerSystemProduct | Select-Object UUID, IdentifyingNumber a cikin PowerShell ya wadatar. Don MAC, ip link show. Ka tara na dukkan sabar ɗin a fayil guda, ka jera da sort, ka bar uniq -d ya fito maka da masu maimaituwa.

Lambar bogi ba ta da wuyar ganewa. Siriyal mai cewa "To Be Filled By O.E.M." ko "Default string" shaida ce cewa wanda ya haɗa na'urar bai cike gurbin ba. UUID ɗin 03000200-0400-0500-0006-000700080009 ya yi ƙaurin suna, domin manyan alluna (motherboard) da yawa masu BIOS na kamfanin AMI da shi suke fitowa idan ba a rubuta musu nasu ba. A ƙa'idar SMBIOS ta ƙungiyar DMTF, UUID mai sifili zalla na nufin babu shi, mai F zalla kuma na nufin babu shi a yanzu amma ana iya saka shi.

Mataki na biyu: tabbatar a ina tagwayen suke

A nan aka fi yin gaggawa, kuma a nan ya kamata a fi natsuwa, domin ba kowace maimaituwa ce laifin BIOS ba.

Akwatin da ke ɗauke da sabar biyu ko huɗu a ciki siriyal ɗinsa ɗaya ne, kuma hakan daidai ne. A SMBIOS, sashe na 1 na na'ura ne, na 2 na babban allo, na 3 na akwati. Idan manhajar rajistarka sashe na 3 take karantawa, ita za a gyara wa saiti.

Haka kuma manhajoji biyu kan nuna UUID na sabar ɗaya ta fuska biyu, farkon lambar a juye. Dalilin shi ne sai a SMBIOS 2.6 aka fayyace tsarin jera rukunai uku na farko, wasu tsofaffin manhajoji kuma suna bin wani tsarin. Idan rukunai biyun ƙarshe sun yi daidai, ukun farko kuma juyewa kawai suka yi, lamba ɗaya ce.

Sai kuma kwafin faifai. Idan an kwafi tsarin aiki daga wata sabar zuwa wasu, /etc/machine-id yana bin kwafin, kuma systemd-networkd daga gare shi yake samo shaidar da yake nuna wa DHCP, mai raba adireshin IP. Sakamakon shi ne sabar biyu su sami adireshin IP ɗaya alhali BIOS ɗinsu lafiya lau. Maganin wannan: a goge abin da ke cikin fayil ɗin, a duba kada /var/lib/dbus/machine-id ya riƙe tsohuwar lambar, a gudanar da systemd-machine-id-setup. Idan na'urar kwaikwayo ce a VMware, layin uuid.bios na fayil ɗin vmx za ka duba.

Mataki na uku: kwatanta da BMC da takardar jikin na'ura

BMC ƙaramar na'ura ce a jikin babban allo da ake kula da sabar ta cikinta, FRU kuma bayanan sassan sabar ne da take karantawa. Ka buga ipmitool fru print da ipmitool mc guid, ko ka tambayi Redfish ta /redfish/v1/Systems, ka gwada da lambar da ke manne a jikin sabar. Idan sun saɓa, ka binciki tarihinta. Sau da yawa za ka tarar an canza babban allo ba a mayar da lambar asali ba, ko wani ya kwafi hoton BIOS gaba ɗaya daga wani allon ya ɗora.

Mataki na huɗu: rubuta lambar da ta dace

Kafin ka taɓa komai, ka adana fitar dmidecode gaba ɗaya da ta FRU, ka tanadi mabuɗin ceto na BitLocker, makullin faifai na Windows, idan akwai, ka kuma lissafa lasisin da aka ɗaure da tsohuwar lambar, domin suna iya tsayawa da zarar ta canza.

Kayan aikin kamfanin da ya ƙera sabar su ne na farko. HPE na da gurbin sake shigar da siriyal da lambar samfuri a cikin saitin tsarin. Dell na da Easy Restore mai dawo da lambar hidima, wato siriyal ɗin Dell, bayan canjin allo. Lenovo na da OneCLI. Ga allunan AMI akwai AMIDEEFI, inda /SU AUTO ke ƙirƙiro sabon UUID, /SS kuma ke rubuta siriyal. A ra'ayina, kada ka ɗauko irin wannan manhaja daga wani lungu na intanet. Ka nema daga mai allon, domin sigar da ba ta dace ba tana iya hana na'urar tashi. Idan akwai garanti, ka bar musu aikin. Siriyal kuwa ba a ƙirƙirarsa: na jikin takarda za ka kwafa, harafi da harafi. Sabar ɗaya za ka fara yi, ka ga ta tashi, sannan ka ci gaba.

Mataki na biyar: idan ba a iya rubutawa

Wani allon ba ya yarda, wani lokacin kuma babu damar kashe sabar. To sai ka hana manhajar dogara da lambar. Configuration Manager na Microsoft yana da jerin lambobin da za a yi watsi da su a saitin rukuni, WDS (Windows Deployment Services) kuma yana da BannedGUIDs a Windows Registry. A netplan, dhcp-identifier: mac yana sa DHCP ya bi MAC. Idan MAC ɗin ne ya yi tagwaye, abin da suwic zai nuna da adireshi ɗaya yana tsalle tsakanin ƙofofi biyu, ka saka na wucin gadi mai farawa da 02, wanda ke cikin rukunin da aka ware wa adireshin cikin gida, har a canza katin.

Mataki na shida: tabbatarwa

Ka kashe sabar, ka cire wutarta na ɗan lokaci don BMC ma ya sake tashi, sannan ka maimaita mataki na farko. Ka goge tsohuwar rajistar da ta haɗa sabar biyun, ka bar kowacce ta shiga da kanta. Ka sake dubawa bayan sabunta BIOS na gaba, domin akwai allunan da ke komawa lambar masana'anta a lokacin.